Yadda Tukunyar Matata Ta Jefa Guguwa Cikin 'Yan Dagaji

Jama'a, yau da safe direban tasi ya sauke ni a tsakiyar titi. Ba mu yi faɗa ba, ban taka masa kujera ba, ban ce ya rage ƙarar rediyo ba. Muna cikin tafiya ne kawai ya ɗaga ido ya kalle ni ta madubi, ya sake kallo, sai ya taka birki har goshina ya gaisa da bayan kujerarsa.

"Malam, ba kai ne na jikin ƙofar filin wasa ba?"

Na ce, "Hotona ne, ba ni ba."

Ya ce, "To, kai da hoton duk ku sauka."

Na sauka rungume da fankar wata baiwar Allah da na ɗauko zan gyara, na ƙarasa shago a ƙafa, rana tana dukana, ga fanka a hannu ga zufa a wuya. Tunda abin ya kai haka, gara ku ji daga bakina yadda aka yi ni, mai gyaran fanka da dutsen guga, wanda rabonsa da taɓa ƙwallo tun yana da suma a ka, na zama mutumin da ya jefa ƙungiyar ƙwallon garinmu cikin 'yan dagaji, wato rukunin ƙasa.

Sunan ƙungiyar Guguwa. Dattawan da suka raɗa mata sunan sun tafi da mutuncinsu, Allah bai nuna musu kakar bana ba, domin guguwar bana ko takardar alewa ba ta ɗaga daga ƙasa ba. Tun wasan farko muka samu wuri a gindin teburi muka shimfiɗa tabarma. Ƙungiyoyi suna hawa suna sauka, mu muna nan, kamar maigadi.

Amma kada ku ce ba mu da shugabanci. Muna da Mai Girma Shugaban Ƙungiya, Uban Ƙwallo, Bangon Raga, Hasken Benci, Allah ya ƙara masa faɗin kujera. A ƙungiyar nan tamu mutum ɗaya ne yake ci a kowane mako, kuma bai taɓa sa takalmin ƙwallo ba. A farkon kaka ya tara mu ya yi mana alkawarin kofi, da sabuwar mota, da ciyawar da za a kawo daga ƙasar waje, irin wadda ko an taka ta sai ta ce sannu. Kuma in za a faɗi gaskiya, ya yi aiki. Ya sa an ƙera kabad na gilashi don ajiye kofuna, har da maigadi mai kulki yana tsaron iskar da ke ciki. Ya kafa mana ƙaton allon lantarki a filin wasa, wanda fuskarsa ta cika shi yana murmushi, sakamakon wasa kuma yana can ƙasa a lungu, sai mai tabarau. Duk lokacin da aka zura mana ƙwallo, in ka ɗaga kai don ka kai kuka sama, Mai Girma za ka tarar yana yi maka murmushi.

Babban aikinsa kuwa shi ne gidan da 'yan wasa suke kwana. Ya duba ya ga ginin ya yi wa masu gudu da gajeren wando kyau da yawa, sai ya mayar da shi Cibiyar Tsare-tsaren Nasara, aka zuba kujeru masu juyi da na'urar sanyaya ɗaki, aka rufe kicin, aka ce kowane ɗan wasa ya nemi danginsa, wai don a ƙarfafa zumunci.

Ta nan zumuncin ya faɗo a kaina. Mai tsaron ragar Guguwa ƙanin matata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A shekarun baya Gam ake kiransa, saboda in ƙwallo ta taɓa hannunsa ta gama yawo. A bana 'yan kallo suka canza masa suna zuwa Rariya. Ya iso gidana da jaka ɗaya da safar hannu, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Yaya, kwana biyu ne kawai, kafin a gyara mana masauki."

Kwana biyun nan har yanzu ban ga na biyun ba. Doguwar kujerar falo ta zama gadonsa. Safar hannunsa a kan talabijin take shan iska. Yara suka daina kallon zane, suka koma jifan kawunsu da lemo yana cafewa. A cikin gidana dai ban taɓa ganin abu ya wuce shi ba: kofi ya suɓuce daga tebur, ya cafe, ƙaramar 'yarmu ta zamo daga kujera, ya cafe, cokali na ƙarshe na shinkafa da nake lallaɓawa, ya cafe. Sai ya shiga fili ne abin yake zama wani iri, kuma ba laifinsa kaɗai ba ne, don masu tsaron bayanmu mutane ne masu ladabi, ba sa tare wa baƙo hanya.

Ku gane, ni ba son ƙwallo kaɗai ne ya sa nake addu'a kada Guguwa ta faɗi ba. Kowa ya san in ƙungiya ta sauka rukunin 'yan dagaji sallamar 'yan wasa ake yi. In aka sallami Rariya, ni da doguwar kujerata sai a lahira. Shi ma yaron akwai wadda yake so, kuma mahaifinta ya ce ba ya ba da 'yarsa ga mutumin da adireshinsa falon wani ne. Saboda haka duk ƙwallon da ta shiga ragar nan, ta cikin falona take wucewa.

Ana saura wasa biyu a rufe kaka, ranar da za mu karɓi baƙi a gida, ina zaune a shagon maƙwabcina Mai Aski. Shi Mai Aski mutum ne da bai taɓa yarda an ci mu da gaskiya ba. Ya gama min rabin gemu, yana bayani da reza a hannu.

"Alƙalan wasa ne, maƙwabci. Duk an saye su."

Na ce, "Wa zai ɓata dukiyarsa ya sayi alƙali don ya ci Guguwa? Ai kyauta ake cin mu."

"To ƙwallon ce. Ƙwallayen yanzu sun cika zagaye."

Ban amsa ba, don rezar tana kan maƙogwarona, kuma a irin wannan matsayi kowane ra'ayi daidai ne. Sai wayata ta yi ƙara. Rariya ne.

"Yaya, muna gidan mai."

"Me kuke yi a gidan mai, wasa ya kusa?"

"Layi muke bi. Tun safe. Man motarmu an juye a motocin rakiyar Shugaba, wai zai zo kallo."

Haka na tashi da rabin gemu, ni da Mai Aski da duk wanda ke shagon, muka nufi gidan mai. Layin ya miƙe ya sha kwana ya sake miƙewa, ga motar Guguwa can a tsakiya, tsohuwar nan mai tari, 'yan wasa a ciki sanye da jesi suna leƙe ta taga kamar kajin da za a kai kasuwa. Muna isa mai gidan man ya fito ya ce mai ya ƙare, sai wani jiƙon. Babu yadda za a yi, muka sa kafaɗa. Koci ya ce 'yan wasa su sauko su tura, wai motsa jiki ne. Sakataren ƙungiya kuwa ya zauna a ciki, ya ce doka ba ta yarda motar ƙungiya ta yi tafiya babu jami'i a ciki ba. Har yana leƙo da kai yana cewa, "Ku haɗa kai, jama'a, ku haɗa kai!"

Muna hawan gangaren da ke gaban filin wasa, jiniya ta taso daga baya. Aka ce mu kauce. Muka kauce da mota da 'yan wasa da komai, ayarin Mai Girma ya wuce, ya sauke gilashi ya ɗaga mana hannu.

"Madalla da magoya baya na gaskiya!"

An ci mu huɗu babu ko ɗaya. Ɗan wasan gabanmu ya nemi a canza shi tun kafin a busa usur.

Washegari Mai Girma ya fito a rediyo ransa a ɓace. Ya ce ba zai lamunta ba, akwai masu yi wa ƙungiya zagon ƙasa, kuma ya kafa Kwamitin Gano Mai Laifi. Don a tabbatar da adalci, shi da kansa zai shugabanci kwamitin, Sakatare ya zama sakatare. Za a zauna a babban zauren otal, ƙofa a buɗe ga kowa.

Na je. Ba don komai ba sai don an ce akwai na'urar sanyaya ɗaki, kuma mai sana'ar fanka yana da haƙƙin ya san abokan gabarsa. Ana shiga ana miƙa wa kowa kek da lemon kwalba. Na samu kujera a baya na zauna, ni da Mai Aski.

Aka fara kiran Koci. Shi ne na huɗu a kakar nan, kuma har ranar bai gama sanin sunayen 'yan wasansa ba, "kai mai ja" da "kai dogo" yake kiransu. Ya ce shi ba shi da laifi, fili ne. Ya ce filin duk ramuka ne, in ka ba da ƙwallo dama sai ta yi shawara ta tafi hagu.

Aka kira mai kula da fili, wani dattijo mai hular kwano. Ya ce ramukan tayoyin manyan motoci ne, don ranakun da babu wasa haya ake ba da filin, tireloli suna kwana.

Sakatare ya yi gyaran murya. "Wannan ba ya cikin abin da ake tambayarka. Ciyawa fa, me ya sa wani wuri ta kai gwiwa, wani wuri babu?"

"Ranka ya daɗe, injin yankan ciyawar an are shi zuwa gidan..." Ya ɗaga ido ya haɗu da na Mai Girma. "Zuwa wani gida mai albarka. To sai na kawo awaki. Su kuma awaki ba sa bin layi, inda ya yi musu daɗi nan suke ci."

Mai Girma ya ce a rubuta cewa kwamiti ya yaba wa awakin bisa sadaukarwa. Aka tafa.

Daga nan aka kira likitan ƙungiya, wanda surukin Mai Girma ne, kuma kafin a ba shi wannan aiki kaji yake yi wa allura. Ya shigo da sikeli a hammata. Ya ce shi kimiyya zai yi, ba surutu ba. Aka jera 'yan wasa, kowa ya hau. Duk wanda ya hau, sai likita ya gyaɗa kai cikin jin daɗi: wannan ya rame, wannan ma ya rame, wannan har iska tana kaɗa shi. Sai Rariya ya hau. Allurar sikelin ta yi gaba kamar an aike ta.

Duk zauren ya zuba masa ido.

Mai Girma ya cire tabarau. "Kai, gola. Duk 'yan'uwanka sun rame saboda kishin ƙungiya, kai kaɗai kake ƙiba. Wa yake ba ka abinci?"

Yaron nan, Allah ya shirye shi, sai ya juyo da fara'a ya nuna ni da hannu biyu. "Yayana ne, ranka ya daɗe. Mijin yayata. Ga shi can."

Ni kuwa, wauta ba ta da magani, na ɗauka lambar yabo za a ba ni. Na miƙe tsaye, bakina cike da kek, ina ɗaga wa jama'a hannu.

Sakatare ya ce, "Matso nan, Malam. Da izinin wa kake ciyar da ɗan wasan ƙungiya?"

Na haɗiye abin da zan iya. "Ranka ya daɗe, a gidana yake kwana. In an sauke tukunya ba na iya ce masa ya rufe ido."

"Sau nawa yake ci a rana?"

"Ranka ya daɗe, ba a ƙirga wa suruki loma."

"Ka ji ko? Babu ma ƙididdiga!" Ya juya ga Mai Girma. "Ciyarwa ba bisa ƙa'ida ba, kuma babu ƙididdiga."

Mai Girma ya jingina da kujera ya yi mana bayani a hankali, irin na masu ilimi. Ya ce rufe kicin da aka yi ba sakaci ba ne, tsari ne. Ɗan wasa mai jin yunwa shi ne mai neman ci. An tsara ƙungiya gaba ɗaya a kan yunwa, sai wani daga waje ya zo da tukunya ya karya tsarin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Su ramammun ai ban ga sun ci ko ɗaya ba."

"Yauwa! Ka kawo kanka. Ta yaya za su ci, alhali gola yana shigowa fili yana ƙamshin soyayyar albasa? Duk hankalinsu yana baya. Shi ya sa kullum ƙwallo take komawa ragarmu."

Wallahi sai da zauren ya ɗauki tafi. Har Mai Aski na gani yana gyaɗa kai, yana cewa, "Biri ya so ya yi kama..." sai na harare shi ya haɗiye sauran.

Kafin a sha lemo na biyu kwamiti ya gama aiki. An wanke Koci, an wanke fili, an wanke awaki, an gode wa Mai Girma bisa jajircewa. Ni kuma an same ni da laifin zagon ƙasa ta hanyar tukunya, an hana ni shiga filin wasa har sai abin da hali ya yi. Mai hoto ya ɗauke ni nan take, kumatu a kumbure, garin kek a gemu. Hoton nan ne yake manne a ƙofar fili, an rubuta a ƙasansa: A KULA DA WANNAN.

Da na koma gida na zaci Maman yara za ta tausaya min. Ta saurara har ƙarshe, hannu a ƙugu.

"Tsaya, Malam. Wa yake dafa abincin?"

"Ke."

"Wa yake yanka albasar?"

"Ke."

"To don me hotonka ne a ƙofa? Ni na sha hayaƙi, kai ka sha suna?"

Ta shiga kicin tana faɗa, ta sauko da babbar tukunyar da ba a taɓa ta sai an yi baƙi. Ta ce in abincinta ne yake kayar da ƙungiya, to yau za ta kayar da gasar gaba ɗaya.

Amma da aka zuba, Rariya ya ƙi ci. Ya zauna a bakin doguwar kujera, ya sunkuyar da kai, manyan hannayen nan nasa a tsakanin gwiwoyi. Tunda ya zo gidan ban taɓa ganin faranti ya huce a gabansa ba.

"Yaya, na jawo maka. Ka ɗauke ni ka ba ni wuri, ga abin da na saka maka da shi. Yara a unguwa suna yi maka waƙa."

"Waƙar tana da daɗi?"

"Yaya, ba wasa nake ba. In muka faɗi ranar Asabar, ban san inda zan sa kaina ba. Ƙwallo kaɗai na iya."

Na dube shi. Yaro ne da ake zura masa ƙwallo mako bayan mako, dubban mutane suna kiransa Rariya, kuma bai taɓa fashin atisaye ba, ko ranar da ya tafi a ƙafa. Na tura masa farantin.

"Ci. An riga an hukunta ni a kan abincin nan, kada a yi asarar hukunci. Ka cinye, ka ƙara, ranar Asabar ka tare musu raga da duk abin da Allah ya hore maka."

Ya ci. Ya ƙara. Har nawa ya cafe.

Ranar Asabar lissafi a fili yake: in mun ci mun tsira, in an yi canjaras ko an ci mu, sai 'yan dagaji. Tunda an hana ni ƙofa, Mai Aski ya kai ni gidan wani ɗan'uwansa mai bene a bayan filin, muka hau rufi muka zauna a gindin tankin ruwa. Matsala ɗaya ce: allon Mai Girma ya tare rabin fili. Raga ɗaya kawai muke gani, sai ƙeyar allon.

A zagayen farko hakan bai dame mu ba, don ragarmu ce a gabanmu, kuma ƙwallo ba ta je ko'ina ba. Jama'a, ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Suka buga ta sama, ya doke. Suka buga ta ƙasa, ya kwanta a kai. Ya tare da gwiwa, ya tare da kafaɗa, ya tare da fuska har sai da na ji zafin a nawa hancin. Masu tsaron bayanmu suka koma 'yan kallo, ɗaya har yana tafa masa. Ana dab da hutu alƙali ya ba su fanareti. Ɗan wasansu ya ja baya, ya zo da gudu, ya narka ta tsakiya da dukkan ƙarfinsa. Rariya bai ma motsa ba. Ƙwallon ta daki tumbinsa, ta yi wani irin ƙara kamar an buga katifa, ta faɗi a gabansa a sume. Ya sunkuya ya ɗauka.

Filin ya kaure. "Gam! Gam! Gam!"

Na rungume tankin ruwa ina ihu, "Shinkafata ce! Wallahi shinkafata ce!"

Da aka dawo daga hutu aka canza gefe, sai muka koma kallon ragar baƙi. Nan fa muka ga zaman lafiya. Golansu ya jingina da ƙarfen raga yana hira da mai ɗaukar hoto. Wata akuya ta shigo ta ci abin da za ta ci ta fita, babu wanda ya dame ta. Mu dai sai ihu muke ji daga bayan allo, in an ce "Gam!" mu san yaronmu yana raye.

Ana cikin haka, wasa ya kusa tashi, sai ga ɗan wasan gabanmu ya ɓullo daga bayan allon da ƙwallo a ƙafa, shi kaɗai, babu kowa a gabansa sai gola. Ina jin shi ma bai san yadda aka yi ba. Mai Aski ya damƙe min wuya. Golansu ya katse hira. Yaron ya rufe ido ya buga.

Ƙwallon ta tashi. Ta wuce raga, ta wuce 'yan kallo, ta wuce katanga, tana ta hawa kamar tana da alƙawari da wani a sama. Sai na ga tana girma, tana girma. Na miƙa hannu don in kare fuskata, kawai na ji ta a ƙirjina, na rungume.

To, abin da ban sani ba shi ne, ƙwallon nan ita kaɗai ta rage wa ƙungiya. Sauran duk Mai Girma ya sa musu hannu ya raba wa manyan baƙi kafin a fara wasa. Saboda haka wasa ya tsaya cak. Dubban mutane suka juyo suka ɗaga kai, suna neman inda ƙwallo ta faɗa. Suka ga mutum a kan rufi, a gindin tanki, rungume da ita. Na ji muryar wani ta tsaga filin.

"Mai tukunya ne!"

Mai Aski ya kwanta a bayan tanki yana cewa, "Jefa musu, maƙwabci, jefa musu!"

Na tattara ƙarfina na jefa. Ku tuna sana'ata ɗaure ƙananan kusoshi ce. Ƙwallon ba ta kai katanga ba, ta sauka a titi, ta yi tsalle ɗaya, ta faɗa bayan wata motar yashi da ke wucewa. Direban bai san ya ɗauki fasinja ba. Filin wasa gaba ɗaya ya tsaya yana kallon makomar Guguwa tana shan kwana.

Sai da baƙi suka ara mana tasu aka ƙarasa wasan. Babu ci. Canjaras. Alƙali ya busa, Guguwa ta sauka 'yan dagaji, Mai Girma yana ta murmushi a allo. Yanzu duk garin an yarda cewa ƙungiya ta fara tasowa ke nan, wuta ta kama, ni na riƙe ƙwallo har ta huce. Harin da aka kai sau ɗaya a wasa, wanda ya ƙare a kan rufin mutane, shi ne wutar.

Da yamma Mai Girma ya yi jawabi. Ya ce kada kowa ya ce mun faɗi. Ziyarar aiki za mu kai rukunin ƙasa, don su ma talakawan can su amfana da ƙwarewarmu. Ya ce za a kafa kwamitin tarbar wannan nasara.

Abu ɗaya mai daɗi ya fito daga ranar. Kocin baƙin ya biyo Rariya har gidana, ya zauna a kan doguwar kujera, ya ce shi bai taɓa ganin gola irin wannan ba, yana so ya tafi da shi. Akwai ɗaki, akwai kicin mai aiki. Ya tambayi Maman yara abin da take ba shi, ta zauna ta yi masa bayani dalla-dalla, shi yana gyaɗa kai kamar ɗalibi. Mahaifin yarinyar nan ma ya aiko a gaishe da "Gam, ɗanmu na kanmu."

Ranar da zai tafi ya durƙusa a gabana, idonsa ya kawo ruwa. "Yaya, ban san da bakin da zan gode maka ba."

Na ce, "Da wanda ka cinye min gida da shi. Tashi, kada motar ta tafi."

Maman yara ta yi kuka, yara suka yi kuka. Ni ban yi ba, wani abu ne ya faɗa min a ido. Na koma falo na zauna a kujerata, na tarar ta lotsa daidai girmansa, duk yadda na juya sai in gangara cikin ramin. Har yau in an zuba abinci sai in ga ya yi yawa.

Jiya kuma Mai Aski ya leƙo shagona da rediyo a kunne, yana haki.

"Maƙwabci, ka ji? An ɗauke Mai Girma daga ƙwallo. An ce saboda ƙwazon da ya nuna, an ba shi shugabancin haƙa rijiyoyin gari gaba ɗaya."

Na ajiye abin da ke hannuna na ce alhamdu lillahi. Wannan karon dai masu naɗi sun duba cancanta. A duk faɗin garin nan babu wanda ya kai shi sanin hanyar ƙasa, kuma ga aiki an ba shi wanda in ka yi ƙasa yabonka ake yi. Ni dai na ce wa Maman yara ta wanke bokitai ta jera a tsakar gida mu tari ruwa, don a hannun Mai Girma ba zan yi mamaki ba in rijiyar ta fara hawa sama.